Ranar da Haladu Ya Zo Gaban Iyatu

"Ba zai shiga ba," na ce, na tokare ƙofa da ƙafata.

Safiyyatu ce ta riƙo hannun ubanta, Haladu, don ido ya tafi. Ta fara yi min Larabci, irin na yaran da aka haifa nan Madina. Na ce ta yi min Hausa ko ta yi shiru.

"Hajja Ƙaltume," in ji tsohon, "an ce jikin Iyatu ya yi nauyi. Gafara na zo nema."

Na bar su a rana, na koma ciki.

Iyatu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Bani Harisa. Mustashfa, wato asibiti, sun sallamo ta, sun ce a kai ta gida kawai. Ba ta da ɗa ba ta da jika, ni ke juya ta, ni ke ɗura mata kunu. Shi kuwa Haladu kawunta ne. Uwarta na mutuwa can ƙasar Zazzau ya ɗauko ta tana ƙarama, wai za su hajji a ƙafa. Da guzuri ya ƙare a Jidda, ya sayar da ita. A gidan Larabawa ta girma tana wanke-wanke, sai shekarar da hukuma ta hana bauta aka buɗe mata ƙofa. Duk unguwa an sani, ba a dai faɗa.

Na zauna bakin katifarta. Na ce, "Ga shi can ya zo. Saurare ni da kyau. Kada ki yafe."

Ta buɗe ido.

"Mutumin nan tun yana da baƙin gemu yake salla a Harami. Kin san salla ɗaya a nan dubu ce. Duk ladan nan naki ne. Ranar ƙiyama ɗebowa za a yi a zuba miki. Kika ce kin yafe, halas, shi ke nan kin zubar. Ni ko wadda ta fasa min tulu ban manta ba, balle wannan."

Sai ta yi dariya, har tari ya sarƙe ta. Na ba ta ruwa.

"Yaya Ƙaltume, ki bar masa ladansa. Ni an riga an biya min."

"Wa ya biya?"

"Innata 'yar mishan ce. Kafin ta rasu ta gaya min Yesu Almasihu ya ɗauki zunubina a kansa, ba sauran abin da ake bi na. Ban da wani abu nata sai wannan."

Na tashi na rufe taga. Na ce, "Ke, a Madina muke! Zazzaɓi ne."

"Ba zazzaɓi ba ne. Ranar da suka buɗe min ƙofa, na fito titi da ƙullin kayana, amma Kawu na nan zaune a ƙirjina. In kwanta da shi, in tashi da shi. Ina 'yancin yake? Sai da na tuna ni ma fa yafe min aka yi, ba don na iya komai ba. Ran nan na sauke shi. Ya daɗe da sauka, shi ne bai sani ba. Kira shi, rana na dukansa."

Ban so ba. Amma mai ciwo ba a musu da ita.

Safiyyatu ta shigo da shi. Ya lalubi ƙasa ya durƙusa, kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Kawu, sannu da zuwa," in ji Iyatu. "Na yafe. Duniya da lahira."

"Ba ki ji abin da zan ce ba tukuna."

"Ai ina wurin aka yi, Kawu."

Ya kifa kai a gefen katifa. Ni ina tsaye, ina jin kamar a gabana aka watsar da buhun dabino a kwata.

Can ta ce, "Abu ɗaya nake so, ba biya ba ne. Gidanmu, akwai rafi ko mafarki nake?"

Ya ɗago. "Akwai. A bayan gida. Da tsamiya a bakinsa. Uwarki na wanki a kan wani faffaɗan dutse, ke kina kama ƙananan kifi da ƙwarya."

"To," ta ce. Ta lumshe ido. Ya yi ta ba ta labarin garin har aka kira la'asar.

Ba ta kai Juma'a ba. Ni na yi mata wanka da hannuna. Abin da ta gaya min, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban kai wa kowa ba. Tsakaninta da Mahaliccinta.

Haladu ya zo zaman makoki. Maza suka shimfiɗa masa darduma a inuwa, ya ƙi, ya zauna a dandariyar ƙasa jikin katangarta. Aka fito da shinkafa, kowa ya ja tire, shi ba wanda ya kula.

Ni ban ce na yafe masa ba. Na dai zuba a kwano, na fita na ajiye a gabansa. Ya yi ta lalube a ƙasa bai samu ba. Na kama hannun na sa masa a bakin kwanon.