Za Ta Girma Ta Cika Shi

Ƙanena Hambali bai taɓa saya wa 'yarsa abu daidai jikinta ba. Ba ƙazafi nake masa ba, duk wanda ya san mu a unguwarmu ta Tompkinsville zai ba da shaida. Mutum ne mai sayar da shadda da atamfa, igiyar awo rataye a wuyansa tun safe har ya rufe shago. Kallo ɗaya zai yi wa baƙo ya ce yadi kaza zai ishe ka, kuma ya ishe shi. Amma da an zo kan Zalia sai idon ya rufe. Rigar sanyi har gwiwa, takalmi sai an cusa takarda a gaba, hannun riga sai an naɗe. In na yi magana, amsa ɗaya ce: "Bar ta, Yaya, za ta girma ta cika shi."

Mahaifiyar Zalia ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Ni aka ɗauko daga Maraɗi na zo na riƙe ta, saboda haka ni da keken ɗinkina muka sha wahalar wannan hali nasa. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ba ta so. Za ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna ta yi godiya, ta yi ta yawo a cikin abin kamar kyanwa a buhu, shi kuma bakinsa har kunne. A gidanmu ba a mayar wa uba kyauta, ba a kuma ce masa ta yi yawa.

Yanzu Zalia ta haura ashirin, ta yi karatun jinya, kullum da safe tana hawa jirgin ruwa a tashar St. George ta tsallaka Manhattan. Ina zargin a cikin jirgin nan ruwa ya shiga ranta, domin tun tana ɗaliba ta ɗauko wani wasa da ya kusa sa min hawan jini. Ana tsayawa ne a kan wani dogon allo a bisa teku, a riƙe wani faffaɗan abu mai kama da fiffiken fara da aka ɗaure a jikin sanda, iska ta tura mutum. Turawa suna da sunan da suke kiransa, mu dai a gida allo da fiffike muke cewa. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne gulbin garinmu da damina, wai 'yarmu ce ke tsere da iska a kan teku. Na yi faɗa har na gaji, na koma addu'a.

Kayan ba nata ba ne, aro take yi wurin ƙungiyarsu a bakin ruwan Plumb Beach da ke Brooklyn. Hambali bai taɓa zuwa ya gani da idonsa ba, shago ba ya barinsa. A waya kawai yake kallo, yana nuna wa duk wanda ya shigo sayen yadi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Da ta ci jarrabawarta ta ƙarshe sai ya ƙudura a ransa zai yi mata kyautar da ba ta taɓa gani ba. Bai shawarce ni ba, don ya san bakina. Ya samo labarin wani Bature da ya tsufa ya bar wasan yana sayar da kayansa, ya ɗauki motar shago ya tafi shi kaɗai. Da yamma sai ga shi yana jan wani allo ta ƙofa, faɗinsa ya kusa na ƙofar kanta. Da ya warware fiffiken a falo, kansa yana bakin ƙofa, gindinsa yana kicin.

"Mita takwas ne," in ji shi, yana haki yana murna. "Mutumin yana da ƙanana, har yana tambayata wai nawa ne nauyin mai hawa. Yaya, ki ji fa! In faɗa wa namijin da ban sani ba nauyin ɗiyata? Tunkiya ce? Na ce masa wanne ya fi girma, shi za ka ba ni."

"Shi Baturen yaya girmansa?" na tambaya.

"Ƙato ne, ya yi biyuna. Mi ya kawo wannan?"

Na kalli Zalia. Ta tsaya tana kallon abin. Sannan ta yi abin da ta saba tun tana ƙarama: ta rusuna, ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara buɗi."

"Ran Asabar zan rufe shago," ya ce. "In tafi in ga ɗiyata bisa kayanta."

Hambali ya rufe shago ran Asabar! Ko da ya yi zazzaɓin da ya kusa kai shi ƙasa bai rufe ba.

Washegari ina suyar ƙosai ta shigo kicin ta tsaya a bayana tana latsa waya. Na san tsayuwar nan. Na ce ta faɗi abin da ke ranta kafin mai ya ƙone.

"Gwaggo, ya yi min yawa. Way too big." Ta nuna min wayar, wasu layuka ne jajaye da ban gane ba. "Ran Asabar iska mai ƙarfi za a yi, kuma ba mai tafiya bai ɗaya ba. Irin wadda za ta yi shiru, sai ta bugo lokaci guda. A irin wannan ranar ƙaramin fiffike ake ɗauka, ni wanda nake ara bai wuce mita huɗu ba. Allon ma siriri ake so, wanda zai manne da ruwa. Wannan mai faɗin, iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga ni. Na ranar da iska ke barci ne, kuma na babban mutum."

"In kika hau fa?"

"Zai fizge ni. Ko ya jefar da ni kan sanda, ko ya ja ni can ciki in kasa dawowa. Ruwan kuma ya yi sanyi yanzu."

Na ce to magana ta ƙare, ta je ta gaya masa.

"Ba ki ga fuskarsa ba jiya? Zan gwada, Gwaggo. Kusa da gaɓa kawai, ya gani ya ji daɗi, in fito."

"Wannan ba rigar sanyi ba ce da zan rage miki a keke! Teku ce!"

Ta ce in na gaya masa ba za ta ƙara gaya min komai ba. Taurin kan nan na san inda ta gado shi. Na yi mata alkawarin ba zan buɗe baki ba, amma raina bai kwanta ba har ranar ta zo.

Ran Asabar da hantsi muka tsallaka gada zuwa Brooklyn, allon ɗaure a saman mota yana kuka, motar tana rangaji. Hambali ya sha babbar riga ta shadda fara da hula, sai ka ce ɗaurin aure za shi. A bakin ruwan iska ta tare mu da yashi a fuska. Teku ta yi fari-fari da kumfa. Mutane kaɗan ne a ciki, kowa da ɗan fiffikensa, suna wucewa kamar an harbo su.

"Dubi nasu," in ji Hambali, yana taɓa ni da gwiwar hannu. "Kamar tsummoki. Namu ya fi na kowa."

Zalia ta sa rigar robarta da hular ruwa da ke rufe mata kai da wuya, ta durƙusa tana harhaɗa kayan. Wata ƙawarta mai suna Amal, wadda ke kula da kayan ƙungiyar, ta zo ta tsaya, ta kalli fiffiken, ta kalli teku, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Zalia ta girgiza kai kawai, ta ci gaba da ɗaure igiya.

Na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ban yi alkawarin zan tsaya ina kallo ba.

"Zalia, hularki ta karkace, gashi ya fito," na ce. Ƙarya nake yi, ko sili ɗaya bai fito ba. "Hambali, riƙe mata abin nan ta gyara. Ɗaga shi sama, kada yashi ya ɓata mata sabon kaya."

Ya tattare hannun riga, ya kama mariƙin da hannu biyu, ya tayar da fiffiken tsaye. A lokacin iska ta ɗan lafa, har ya juyo yana min dariya yana cewa ai ba nauyi. Bai rufe baki ba ta bugo.

Ban taɓa ganin ƙanena yana gudu ba tun yana yaro sai ranar. Abin ya fizge shi gaba, ya ƙi saki don kada kayan 'yarsa su lalace, babbar rigar ita ma ta cika da iska ta taya fiffiken aiki. Ya yi taku da yawa a kan yatsun ƙafa yana salati, sannan ya kife rub da ciki. Hularsa ta yi nata wuri, tana gangarawa har cikin ruwa. Allah ya gani na so in ji tausayinsa, amma dariya ta riga tausayin zuwa.

Zalia ta ruga ta danne fiffiken da ƙafa, ta kama shi tana cewa, "Baba! Baba, ka ji ciwo?"

Ya tashi zaune, yashi har cikin gemu. Ya kalli tafin hannunsa da ya yi ja, ya kalli teku, sannan ya ɗaga kai ya kalle ta tun daga ƙafa har kai, irin kallon da yake yi wa masu sayen yadi. Yarinyar ba ta kai rabinsa ba.

"Da wannan za ki shiga ruwan can?"

"Kai ka saya min, Baba."

"Tun yaushe kika san ya yi miki yawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun a falo."

"Kuma kika yi shiru."

"Ka yi murna sosai."

Iska tana ta kaɗa masa riga. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka har sai da na matso.

"Ran da muka dawo daga binne uwarki, na shiga kanti in saya miki rigar sanyi. Na ɗauki daidai ke, sai na ji tsoro ya kama ni. Na mayar, na ɗauki babba, na ce ya Allah ka bar min ita har ta cika wannan. Da kika cika, na sake ɗaukar babba." Ya share ido da bayan hannu, ya ƙara cusa wa kansa yashi. "Ban san yadda ake dainawa ba."

Kusan shekara ashirin ina rage riguna ina zaginsa a zuci, ban taɓa sani ba. Na ji kunya, na kuma ji son ƙanen nan nawa ya cika min ƙirji kamar ranar da aka fara ba ni shi in goya.

"To Allah ya amsa, Hambali," na ce. "Ga ta nan. Ta cika tuni."

Zalia tana kuka tana dariya tana kakkaɓe masa gemu. Ya riƙe hannunta ya ce, "Bon, shi ke nan. Nuna min yadda ake zaɓa."

Ta kai shi wurin kayan Amal. Ta ce ba a zaɓar fiffike don lokacin da iska ta yi shiru, ana zaɓa ne don lokacin da ta bugo, da kuma nauyin mai riƙewa. Ta jawo wani ƙarami ja, ta ɗaure igiyar ƙasa tamau, ta nuna masa yadda samansa ke sakin iska in ta yi yawa. Allon kuma ta ɗauki siriri, amma wanda zai iya ɗaukarta in iskar ta yanke. Hambali yana shafa bakin fiffiken da yatsa yana duba ɗinkin, yana gyaɗa kai.

"Ba ƙarami ya yi ba?" ya ce.

"Daidai ni ne, Baba."

Ta shiga ruwa. Da iska ta bugo sai ta kwanta baya, allon ya ɗaga hanci ya tafi, ja ɗin nan yana ƙanƙancewa har ya kusa ɓacewa. Hambali ya damƙe hannuna har ya yi min zafi, bai saki ba sai da ya ga ta juyo ta nufo mu. Ta wuce ta gabanmu tana ihu, ya ɗaga hannu biyu yana ihu shi ma, ba hula, riga duk yashi. Mutane suna kallonsa, ko a jikinsa.

A hanyar komawa babban allon yana saman mota, Amal ta ce za ta nemo wanda zai yi musayarsa, shi da fiffiken. Zalia tana baya da tawul a kafaɗa, tana rawar sanyi. Mun hau gada ke nan Hambali ya dube ta ta madubi.

"Takalminki, lamba nawa kike sawa?"

"Talatin da takwas, a lissafin gida."

Arba'in da ɗaya ya saya mata da sallar da ta wuce, kuma ta sa shi ta je idi.

"Talatin da takwas," ya ce. Ya ci gaba da tuƙi, leɓɓansa suna motsi, yana ta maimaitawa a hankali har muka sauka daga gadar.