Ƙafar Da Ba A Tsallakawa

Tsoho Yefim ya rantse ba zai sake taka asibitin gari ba. Bara da aka kwantar da shi a tabarmar baranda, wata ma'aikaciya ta tsallake ƙafafunsa tana sauri, ko a jikinta. A wurin ƙabilarsa ta Nenets kuwa, makiyayan bareyi a ƙasar ƙanƙara, mace ta tsallake namiji ko igiyar kamun barewarsa, ai ta kwashe masa sa'a. Ya sulale ya koma garkensa.

Yanzu ga ƙafa ta kumbura, yankan gatari ya ruɓe, gobe kuma za a tashi da bareyi zuwa arewa inda babu mai magani. In ya bi su, ƙafar ta tafi.

Sai ga Ustinya, jikar ƙanwarsa, wadda aka ba ɗakin shan magani na yankin bayan ta gama karatu. Ta shigo tantin fata tana karkaɗe ƙanƙara.

"Kaka, warin nan naka ne ko na kifi?"

"Ke tafi can, 'yar birni! Kun yi boko kun manta hanyar gida."

Ya ja bargo ya rufe ƙafar, ya miƙe ta har bakin murhu, da gangan. Ɗansa Prokopi ya riga ya ajiye jakar maganinta a can bayan tsohon. Taku ɗaya ya raba ta da jakar, amma sai ta tsallake ƙafarsa, tsohon kuwa ya kafa mata ido.

Ustinya ta juya. Ta fita cikin iskar nan mai yanka fuska, ta zagaya tantin, ta durƙusa ta tone ƙanƙara da hannu, ta ɗaga gefen fatar ta jawo jakarta. Ta dawo yatsunta sun sandare.

Yefim ya daɗe yana kallonta, sannan ya yaye bargon da kansa.

Ta wanke ciwon, ta yi masa allura, ta gaya masa gaskiya cikin harshensu: sai ya bi ta, ya yi makonni a hannunta, in ba haka ba yankewa za a yi. Tun tasowarsa bai taɓa barin garke ya tashi ba shi ba. Prokopi ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa.

Tsohon ya gyara murya, alfahari fal fuskarsa.

"Me kake jira? Ɗaura min bareyi a keken jan ƙanƙara. Likitarmu ta ce in tafi."