Jar Masarar Dua

Tun da Lenh ya hawo dutse da murhun ƙarfe ɗaure a bayan babur, tsohuwarsa Dua ta daina tari, sai dai hankalinta bai kwanta ba. Bututun murhun ya ratsa rumfar katakon da ke saman ɗaki ya ɓulle ta rufi, yana kwashe hayaƙi kaf. A rumfar nan kuwa take ajiye irin jar masarar da uwarta ta ba ta. Shekara arba'in tana shuka shi a tsagin duwatsun yankinsu na Ha Giang, kuma hayaƙin tsohon murhu ne ke kore masa ƙwari.

"Inna, ki bar kamu biyu tsakanin bututun nan da komai," in ji Lenh. "Zafinsa ya wuce yadda kike zato."

"Ji ɗan birni. Ni za ka koya wa wuta? Ina hura ta tun ba a san da kai ba."

Ya yi dariya, ya koma wurin aikinsa a gari.

Wata biyu bayan nan ta hau tsani, ta murza zangarniya ɗaya, sai gari ya zubo mata a tafi. Ƙwari sun shiga. Ta tsince ƙwaya bakwai masu huji ta ƙulle a bakin ɗamararta, don in ya zo ta nuna masa aikin murhunsa. Sannan ta ce tunda babu hayaƙi, ai zafi ma magani ne. Ta jawo damman masarar duka, da busasshen ɓawonsu, ta jingina su da bututu. Wallahi ba wauta ba ce, tsoro ne.

Washegari aka tashi da hazo da sanyi mai shiga ƙashi. Ta cika murhu da itace, ta ɗauki lauje ta gangara yi wa saniya ciyawa. Ba ta cika kwando ba ta ji maƙwabcinta Chu yana ƙwala mata kira. Ta waiga, ta ga hayaƙi yana fita ta inda ba bututu.

Gida dai ya tsira. Maƙwabta sun ƙarar da ruwan tankinsu a kai, rufi ya huje, rumfa ta zama gawayi. Dua ta bi gida gida tana cigiyar irin jar masara, amma kowa ya daɗe da komawa irin kasuwa.

Da Lenh ya iso bai yi mata gori ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"Inna, tunda kina da rai, sai in sayo miki wani iri."

"Ka sayo mini uwata?"

Ta kwance bakin ɗamara. Bakwai ɗin suna nan, jajaye. Ta ɗauki ɗaya ta ɗan matsa ko da sauran rai a ciki, ta ruguje a yatsunta. Ta ƙulle shidan, ba ta ƙara gwadawa ba.