Wayoyin Cikin Rumfa

Ɗahiru yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar hana ɗaukar hoto a filin sukuwar Kalgo. Bara wani doki daga Dangoma ya ci tsere, hotonsa ya zaga wayoyin mutane har Birnin Kebbi, ba a daɗe ba ɓarayi suka kwance shi daga turke. Wani kuma da aka yi ta yaɗa bidiyonsa ya wayi gari yana ɗingishi ba tare da ya taka komai ba, masu shi suka ce baki ne ya kama shi. Da ƙungiyar masu dawaki ta zauna, sai aka yanke cewa bana duk ɗan kallon da ya ɗaga waya za a karɓe ta, a goge abin da ya ɗauka. Ɗahiru ya ga dokar ta yi daidai, har ya tashi ya yi magana a kanta.

A lokacin mahaifinsa, wanda duk gidan ke kira Baffa, yana kan ƙafafunsa. Bayan an gama yankan gero ne ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan bai ƙara fita daga ɗakinsa na Dalijan ba.

Baffa ne ya reni dokin gidan, wani baƙin ingarma da ya samo tun yana ɗan dukushi a Ceberu, shi ya sa ake ce masa Ɗan Ceberu. Yanzu dokin ya manyanta, kuma an gama shawara cewa wannan ne gudunsa na ƙarshe. Aminu, ƙanen Ɗahiru, shi zai hau. Baffa yana da hanyarsa da bai yarda a saɓa ba: ba bulala, kuma mahayi ya riƙe linzami ya bar kowa ya wuce, sai an kai kwanar tsamiya sannan ya saki. Aminu mai zafin kai ne, ya sha sakin dokin tun kafin lokaci.

“Ina son in gani,” in ji Baffa da safiyar tafiya. Maganar tana fita da ƙyar ta gefe ɗaya na bakinsa.

“Za mu ba ka labari tiryan-tiryan, Baffa.”

“Duk wanda ya dawo daga sukuwa maƙaryaci ne. Ni ma haka nike yi. Ku ɗauko mini cikin wayar nan taku, in ga ko wanga yaro ya riƙe shi.”

Ɗahiru bai ce masa an hana ba. Ya gyara masa matashi, ya ce in sha Allahu.

Suka loda dokin a bayan kanta, motar ɗaukar kaya. Malam Matiyu, wanda ya zo daga kudancin jihar yana koyarwa a firamaren garin, kuma yake haya a gidan da ke jikin nasu, ya bi su don kallo. Shi ne yake zuwa duk yamma yana taimaka wa Halima, yayar Ɗahiru, wajen juya tsohon a kan gado.

Suna isa Kalgo Ɗahiru ya nemi shugaban ƙungiyar, Alhaji Hamidu. Ya same shi yana nuna wa masu jera kujeru inda za su sa na baƙi a cikin babbar rumfa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi halin da Baffa ke ciki, ya roƙi a bar mutum ɗaya ya ɗauki tsere ɗaya.

“Allah shi ba shi lafiya,” in ji Alhaji Hamidu. “Baffa ubanmu ne duka. Amma kai da bakinka ka ce doka in an huda ta wuri guda ta tashi aiki. Ko ba kai ba ne?”

“Ni ne, ranka shi daɗe.”

“To ka gani. In na buɗe maka, wa zan rufe wa?”

Ɗahiru ya tashi, bai ji haushi ba. Mutumin ya faɗi gaskiya. Ya kashe wayarsa ya tura ta can cikin aljihu, ya je ya tsaya bayan igiyar da aka kewaye fili da ita, cikin rana, tare da sauran jama'a. 'Yan sintirin ƙungiya, masu jan ƙyalle a damtse, suna ta kai-kawo. A gabansa suka karɓe wayar wata mata mai goyo, Rahmatu, wadda ta ce mijinta ne zai hau karon farko a rayuwarsa. Suka goge, suka miƙa mata. Ta karɓa, ta gyara goyonta.

Da aka zo tseren manyan dawaki, aka kaɗa tuta, sai duk suka bar Ɗan Ceberu a baya. Mutane suka fara dariya, wani ya ce a mayar da tsoho gida ya ci dusa. Ɗahiru yana iya hango Aminu ya jingina baya, hannayensa sun ƙage a kan linzami, dokin yana fizgar kai yana neman hanya. Suka wuce rabin fili a haka. Suna kaiwa tsamiya Aminu ya kwanta a wuyan dokin ya saki. Abin da ya biyo baya Ɗahiru bai taɓa ganin irinsa ba. Dokin ya miƙe kamar an ƙara masa tsawo, ya bi ta waje yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga gaba ana saura kaɗan a kai ƙarshe.

Yana cikin ihu tare da mutane sai ya ji wata hayaniya dabam a gefensa. Bashir, ɗaya daga cikin 'yan sintirin, ya murɗe hannun Malam Matiyu ta baya. Tabarau ɗin malamin yana ƙasa cikin rairayi. Ashe ya ɓoye wayarsa ƙarƙashin hularsa, ya ɗauki tseren tun daga farko.

“Don tsohon ne,” Malam Matiyu yake cewa. “Ba zan tura wa kowa ba. Ɗana, ka tsaya ka ji.”

“Ni ba ɗanka ba ne. Ka zo garin mutane kana ɗaukar dawakinsu, wa ya san wa za ka kai wa? Goge da hannunka.”

“Bashir, sake shi,” in ji Ɗahiru. “Maƙwabcina ne.”

“To kai ka fi kowa sanin doka.”

Malam Matiyu ya goge. Ɗahiru ya duƙa ya ɗauko masa tabarau, ya hure rairayin. Da ya ɗago ne idonsa ya sauka kan rumfar baƙi, wadda tun da aka fara bai kalla ba don hankalinsa yana kan fili.

Kusan duk wanda ke zaune a ciki da waya a hannunsa. Wasu sun miƙe tsaye suna bin dawakin da ake zagayawa da su. Wani saurayi mai farar shadda ya ɗaura tasa a kan doguwar sanda, ya fito har bakin igiya yana juyi da ita. 'Yan sintiri biyu suna tsaye a gefensa, ɗaya ma yana riƙe masa gorar ruwa.

Ɗahiru ya ɗaga igiyar ya shiga, ya ratsa fili kai tsaye. Jama'a suka biyo shi da ido, wasu da ƙafa.

“Alhaji,” ya ce, bai durƙusa ba. “Mi ne ne wancan?”

Alhaji Hamidu ya dubi inda ya nuna, ya yi murmushi. “Barka da nasara, Ɗahiru. Wannan Muzzammil ne, ɗan aminina daga Birni. Baƙinmu ne.”

“Na tambaye ka mi ne ne a hannunsa.”

“Ka rage murya. Waɗannan mutane an san gidajensu. Ɓarawon doki ba ya zama cikin rumfa.”

“Malam Matiyu ba a san gidansa ba? Rabin yaran Dalijan shi ya koya wa rubuta sunansu. An murɗe masa hannu gaban mutane kamar wanda ya saci akuya. Waccan baiwar Allah da goyonta, ita ce ɓarauniyar? Ko bakin da ke kama doki na masu tsayuwa a rana ne kawai, na masu inuwa ba ya kamawa?”

Wani daga bayan igiya ya ce, “Faɗa masa dai.” Aka fara gunaguni. Alhaji Hamidu ya dubi baƙinsa, ya dubi taron, ya tashi ya kama hannun Ɗahiru ya ja shi gefe kaɗan, ya yafito saurayin.

“Muzzammil, nuna masa.”

Saurayin ya cire wayar daga sanda ya kunna. Ga Ɗan Ceberu nan, fes, kamar a taɓa shi. Ga Aminu ya jingina baya, ga hannayensa a ƙage. Ga tsamiya. Wayar mai kyau ce, har kumfar bakin dokin ana gani.

“Ka kawo lambarka ya tura maka,” in ji Alhaji Hamidu a hankali. “Ka kai wa tsoho ya gani. Abin da ka zo nema da safe ke nan, ga shi Allah ya kawo. Sai ka koma wajen dokinka, mu ƙarasa taro lafiya.”

Ɗahiru ya tsaya. Ya tuna fuskar Baffa a kan matashi. Ya kuma ga cewa idan ya ciro wayarsa ya kunna a nan, gaban kowa, shi ma ya shiga rumfa ke nan, kuma duk abin da ya faɗa ya zama kukan wanda ba a ba shi rabonsa ba. Rahmatu tana bakin igiya tana jijjiga goyonta, idonta a kansa. Ba wanda zai tura mata mijinta.

Malam Matiyu ya matso kusa da shi. “Karɓi, Ɗahiru. Ni hannuna ya daina ciwo. Karɓi don Baffa.”

“A goge,” in ji Ɗahiru.

“Kana cikin hankalinka?” in ji Alhaji Hamidu.

“Yadda aka goge na kowa. Da hannunsa.”

Muzzammil ya dubi Alhaji, ya ɗaga kafaɗa, ya danna. Ya juyo da wayar ya nuna wa Ɗahiru, har da ɗan murmushi. “Shi ke nan, yallaɓai? Ran ya yi sanyi?”

“Sauran fa?” in ji Ɗahiru.

Amma sauran baƙin sun riga sun zura wayoyinsu cikin aljihun manyan riguna, suna kallon wani wuri. Ba ɗan sintirin da ya matsa kusa da su. Mai lasifika ya sanar da tsere na gaba, makaɗa suka ɗauka, jama'ar da suka taru suka watse zuwa bakin igiya don kada a tashi ba su gani ba. A duk rumfar, abu ɗaya aka goge, gudun Ɗan Ceberu.

A hanyar komawa Aminu ya zauna a bayan mota tare da dokin. Sai da suka yi nisa sannan ya leƙo ta taga.

“Yaya, yau na riƙe shi. Hannuna har ya fashe. Sau ɗaya a rayuwata na yi yadda yake so, kuma ka san ba zai yarda da bakina ba.”

“Na sani.”

“Kai ka huce haushinka. Shi fa mi ya samu?”

Ɗahiru yana ta juya abin a ransa, ta kowane gefe ya duba sai ya ga ya yi daidai, kuma ta kowane gefe sai ya ga tsohon ne ya biya. Da ya karɓa, da Rahmatu ba ta rasa komai ba fiye da abin da ta riga ta rasa. Da ya ƙi, ba ta samu komai ba. Bai san ko don ita ya yi ba ko don kada a ce an toshe masa baki.

Suka isa ana kiran magariba. Ya bar Aminu da Malam Matiyu suna sauke doki, ya shiga gida yana shirya yadda zai faɗa. Tun daga tsakar gida ya ji ihun taro yana fitowa daga ɗakin Baffa.

Halima tana zaune a bakin gado, ta tallafo kan tsohon da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wayarta. Matan maƙwabta sun cika ƙofa.

“Tun la'asar yake yawo,” ta ce. “Matar mai shagon magani ta turo mini, ita ma daga Birni aka turo mata. Kun zaga gari, kowa ya gani.”

Bidiyon Muzzammil ne. Ashe tun dawaki ba su gama tsayawa ba ya riga ya watsa shi, abin da ya goge a gaban Ɗahiru fanko ne. Muryarsa tana kan hoton, yana ihu yana faɗa wa duniya cewa wannan baƙin doki na gidan Baffa ne a Dalijan, ba irinsa a duk ƙasar Gwandu.

Baffa bai ko ɗago ba. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye, hannunsa mai lafiya yana damƙe da bargo kamar linzami.

“Ya riƙe shi,” ya ce. “Ɗan banza, ya riƙe shi har tsamiya.” Sannan ya juyo da ido. “Kai ka sa aka ɗauko mini?”

“A'a, Baffa. Ni na sa aka goge.”

Tsohon ya dube shi kamar bai ji da kyau ba, ya koma kan wayar. “Halima, mayar da shi baya. Ki kashe muryar wanga mai surutu.”

Ɗahiru ya fita. Aminu yana ɗaure dokin a turkensa na ƙofar gida, inda ya saba kwana tun yana dukushi, wurin da duk mai wucewa zai iya kwance shi. Ɗahiru ya karɓi igiyar daga hannunsa, ya jijjige turken ya tumɓuke shi, ya ja Ɗan Ceberu ta cikin zaure zuwa tsakar gida. Ya kafa turken a ƙarƙashin tagar Baffa, ya ɗauko taɓarya yana buga shi da dukan ƙarfinsa, har Halima ta leƙo ta ce ya yi a hankali, tsoho yana kallo.