Inda Kurwar Bunhom Ta Faɗi

A bayan motar akwai komar kamun kifi, dafaffen ƙwai guda, ayaba biyu, dunƙulen shinkafa mai danƙo, farin zare, da rigar da Bunhom ya fi so. A gaba, kan cinyar mahaifiyarsa Inna Kampan, akwai fayil ɗin Lauya Pranom. Takardar ƙara ce a ciki, sa hannu kawai ya rage.

"Rage gudu, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Mota ta cinye ƙafar ɗana, ba sai kin haɗa da uwarsa ba."

Pranom ta rage.

Gobe shekara guda ke nan cif da motar rake ta take Bunhom a kan babur, a hanyar garin Kalasin. Shekara ɗaya doka ta bayar a kai ƙara. In aka tashi kotu gobe ba a shigar ba, babu ƙafar roba, babu magani, babu mai sake sauraronsa.

Bunhom ya ƙi sa hannu. Ya ce alhakin rayuwar da ya yi kafin a haife shi a wannan ne ya biyo shi, in kuma ya ja direban kotu sai sun sake haɗuwa a wata rayuwar. Wata biyu ke nan ya juya fuskarsa bango, ruwa kawai yake kurɓa. Inna ta ce kurwarsa ce ta firgita ta faɗi a titi ranar haɗarin. Sau biyu tana zuwa kamfato ta da komar kifi a mararrabar da 'yan sanda suka rubuta a rahotonsu, sau biyu tana dawowa ba wani sauyi.

"Ba can ta faɗi ba," abin da ta yanke ke nan.

Bunhom bai tuna komai ba. Direban ne kaɗai ya san wurin. Pranom ta yi shekara bakwai tana karatun shari'a a Ingila, ba wanda ya koya mata neman kurwa. Amma sau tara ta je ƙofar gidan mutumin, har ya yarda zai nuna musu.

Suka same shi a mararrabar, ya ja hula har kan ido. Samai sunansa.

"Lauya, alkawarinmu yana nan?"

"Yana nan. Ba hoto, ba rubutu. Abin da aka yi a sulhu ba ya zuwa kotu."

Ta kashe wayarta a gabansa, ta jefa ta cikin mota.

"Manajan kamfaninmu ya ce ko sannu na yi wa gurgun nan, a bakin aikina."

"Gurgun yana da suna," in ji Inna. "Wuce mu je."

Samai bai tsaya a mararrabar ba. Ya miƙe da titin, taku kusan ɗari biyu, har wata kwana da gonar rake ta rufe. Sai ya tsallaka, ya tsaya a gefen kwalta.

"Nan ne."

Pranom ta dubi titin. Rahoton ya ce Bunhom ne ya faɗo mararraba bai duba ba. Nan kuwa hannun Bunhom ne. Motar ce ta bar nata hannun ta same shi.

"Wa ya mayar da babur ɗin can?"

"Mutanen kamfani, kafin 'yan sanda su iso. Kwana biyu ina jigila ban runtsa ba. Barci ne ya sace ni."

Abin da ta yi wata goma sha ɗaya tana nema ke nan. Hannunta ya kai aljihu da kansa neman waya, ya tarar ba komai.

Inna ba ta ma ji su ba. Ta shimfiɗa rigar, ta jera ƙwan da ayabar da shinkafar, ta shiga jan komar a cikin ciyawa.

"Taho gida, kurwar Bunhom. Rana za ta ƙona ki, ruwa zai dake ki. Ga shinkafa, ga ƙwai. Taho, uwarki ce."

A ja na uku wata 'yar tsakuwa ta maƙale a komar. Ta naɗe ta cikin rigar, ta rungume. A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana ko ya waiwaya, don kada kurwar ta sake tsorata. Samai yana biye da su a babur.

A gida Inna ta sa wa Bunhom rigar, ta ɗaura masa zaren a wuyan hannu don kurwar ta zauna. Samai ya shigo da rarrafe, ya haɗa tafukansa a goshi, shi ma ya ɗaura nasa. Ƙullin ya ƙi kamawa.

"Ko zare ba ka iya ba," in ji Bunhom, "balle mota."

Ya karɓi ƙwan ya ci rabi.

"Na yafe masa. Lauya, mayar da takardarki."

Pranom ta buɗe fayil ɗin, ta ja layi a kan sunan Samai.

"Kamfanin kawai ya rage."

"Ai duk ɗaya ne."

"Kamfani ba ya mutuwa, Bunhom, balle a sake haihuwarsa. A wace rayuwar za ku haɗu?"

Inna ta tuntsire da dariya, har da tari. Bunhom ya daɗe yana kallon inda ƙafar wandonsa ta kwanta ba komai a ciki. Ya miƙa hannu, ta ba shi biro.

"Za mu ci shari'ar?"

"Da abin da ke hannuna yau, a'a."

Ya sa hannu duk da haka.

A waje Samai yana tsaye jikin motarta.

"Yanzu kin san komai, Lauya."

"Na sani. Alƙali bai sani ba."

"'Ya'yana uku. In na buɗe baki, ba mai sake ba ni mota a duk lardin nan."

"Gaskiya ne."

"Ki ce mini wani abu mana! Ko zagi ne."

Ta ajiye fayil ɗin a kujera. Ƙarnin kifi bai bar motar ba.

"Gobe zan rubuta cewa rahoton ƙarya ne. Za a tambaye ni shaida, in ce ba ni da shi tukuna. Shari'ar nan za ta ci shekara biyu."

Ta shiga, ta ja ƙofa ta rufe, sannan ta sauke gilashi kaɗan.

"Ba zan faɗi sunanka ba. Amma duk ranar Lahadi ina ƙofar gidanka. Ka ce wa matarka ta ɗaure karenku."