Guguwa a Bayan Labule

Ranar da kamfanin masu ƙera na'urar gem, wato wasan bidiyo, suka bugo waya suna neman Guguwa, ni na ɗauka, don Umma tana tsakiyar tseren mota. Idan Umma tana tsere, ko tukunya ce ke ƙonewa a kicin sai ta kai layi tukuna.

"Muna son magana da ɗanki," in ji wata budurwa mai zaƙin murya. "Shi ya zo na ɗaya a gasarmu ta bana."

"'Ya'yana a waya suke wasansu," na ce.

"To ƙaninki ne ke nan?"

"Uwata kuke nema."

Ta yi dariya, ta jira ni ma in yi. Da ta ji shiru sai ta ce za ta sake kira.

Umma ta gama ƙuruciyarta tana buga tafireta a ofis. Da ta yi ritaya yatsun nan nata suka rasa abin yi, har ƙwanƙwasa hannun kujera take yi tana kallon labarai. Yayana da ya tashi barin gida ya bar tsohuwar na'urarsa a ƙarƙashin talabijin, ta yi ƙura. Wata rana Umma ta zo sharewa ta danna wani abu, mota ta fito a allo. Daga nan muka rasa talabijin ɗin falo har yau. Ita ta raɗa wa kanta Guguwa a cikin wasan, ba ta shawarci kowa ba. Tana da abokan tsere da take hira da su ta intanet: wani tsohon direban tanka, wata nas, da wata mai tagwaye da ke shiga idan yaran sun tafi makaranta. Duk cikinsu babu wanda bai san ciwon baya ba.

Da suka sake kira sai suka gayyace mu ofishinsu. Alƙawarin gasar a fili yake: wanda ya ci shi zai yi tseren farko a kan sabuwar na'urarsu, a kan dandamali, gaban jama'a, ranar da za a fito da ita kasuwa. Umma ta sa aka goge mata shuɗiyar rigarta, ta canza igiyar tabarau.

Bangon ofishin nan cike yake da fostoci, kuma duk fuska ɗaya ce: saurayi ya juya hula baya, ya wangale baki, ya danƙe rimot kamar za a ƙwace masa. Manajan talla ya tarbe mu da fara'a har da rusunawa. Mutum ne mai furfura a gefen kai, amma ya sa takalmin 'yan ƙwallo a ƙarƙashin kwat. Ya sa aka kawo shayi, sannan ya miƙa wa Umma rimot, wai ta ɗan gwada musu. Na gane gwajin me ake yi. Umma ma ta gane. Ta zauna ta yi zagaye ɗaya, ma'aikatan suka bar teburansu suka taru a bayanta. Da ta gama wani ya saki fito, manaja ya harare shi.

"Mama, kin burge mu ƙwarai," ya ce bayan ya rufe ƙofa. "Sai dai akwai 'yar matsala. Hedikwata ta riga ta tsara tallar nan tun bara. Matasa muke nema. Idan saurayi ya ga kakarsa riƙe da na'ura, shi ke nan ya bar ta."

"Ranka ya daɗe, wane saurayin?" na ce. "Samarin gidanmu ko kallon akwatin nan ba sa yi, suna can manne da waya. Je ka shagon da ake sayar da kayanku ka tsaya ka ga masu shigowa. Rabinsu da tumbi, sauran da tabarau."

Ya yi murmushin da ake yi wa mai surutu. Ya ce bincikensu bai nuna haka ba. Na tambaye shi yaushe aka yi binciken, ya ce wannan sai hedikwata. Daga nan ya fito da abin da ya kira mafita. Sun ɗauko wani saurayi ɗan wasan kwaikwayo, zai zauna a dandamali da rimot da ba a haɗa da komai ba. Umma kuma za ta zauna a bayan labule da rimot na gaske, ta yi tuƙin. Sabuwar na'ura tata ce, za ma a kai mata har gida.

Na miƙe tsaye, jakata har ta faɗi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na buɗe baki ke nan Umma ta dafa hannuna.

"Kujerar bayan labulen tana da wajen jingina?" ta tambaye shi.

"Sosai, Mama."

"To za mu zo."

A tasi, da muka yi nisa sai na fashe. Na ce yanzu Umma duk wannan gumi naki ki miƙa wa wani ɗan wasan kwaikwayo? Tana kallon titi ta taga ta ce, "Ke yarinya ce. Na yi shekara da shekaru ina buga takarda wani ya sa hannu a ƙasa. Ba yau aka fara ba." Ta faɗe shi a hankali, kuma wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Yayana kuwa daɗi ya ji da na ba shi labari a waya. Ya ce hakan ma ya fi, da ma yana ta tunanin abin da abokan aikinsa za su ce idan suka ga uwarsa a talla tana wasan yara. Na tuna masa cewa na'urarsa ce, kuma bai taɓa wuce matakin farko a tseren nan ba. Ya ce yana da taro, ya kashe.

Ranar bikin da la'asar muka isa babban zauren. An cika layukan gaba da samari da 'yan mata, an raba musu huluna masu tambarin kamfani, wata ma'aikaciya tana koya musu lokacin da za su yi ihu. Can baya, kusa da ƙofa, mutanen da suka zo don kansu ne suke tsaye: magidanta da kayan aiki a jikinsu, mata riƙe da jakar cefane, wani dattijo da sandarsa. Ba a tanadar musu kujera ba, kuma masu kyamara sun ba su baya.

Aka zagaya da mu ta ƙofar masu kaya. Bayan labulen wuri ne ƙunci, wayoyin lantarki a ƙasa ko'ina, ga kwalaye, ga wani ƙaramin talabijin a kan akwati. Kujerar roba ce, amma tana da wajen jingina, ba su yi ƙarya ba. Saurayin da zai zama Guguwa ya zo ya gaishe ta. Ba mugu ba ne, sai ma kunya da yake ji. Ya ce, "Mama, ni fa ban iya ba, aiki ne kawai aka ba ni." Ta ce ta sani. Har ta nuna masa yadda zai riƙe rimot ɗin, ta ce ya daina karkata jiki hagu idan mota ta yi dama. Ni dai ina gefe na cika na yi fam.

Kiɗa ya tashi, fitilu suka hau juyi. Ta tsagar labule ina hango dandamali. Waɗanda suka biyo bayan Umma a gasar suna zaune a jere, kowa da rimot ɗinsa na gaske, ba su san komai ba. Aka bar kujerar tsakiya, babba mai jan fata. Mai gabatarwa ya ja sunan Guguwa da ƙarfi, saurayin ya fito da gudu yana ɗaga hannu, masu huluna suka yi ihun da aka koya musu.

"Ga irin mutanenmu!" in ji mai gabatarwa. "Sabon jini! Ku koma gida ku gaya wa tsofaffinku su daina kashe muku talabijin. Su ai ko wajen kunnawa ba su sani ba!"

Zaure ya ɗauki dariya. Na waiga na kalli Umma. Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga, ta mayar, ta gyara zama.

Aka saki motoci. Ban taɓa ganin ta yi tuƙi irin na ranar ba. Sabon rimot ne, bai saba da hannunta ba, amma kafin kwana ta biyu ta wuce kowa. Tana shiga kwana kamar tana zare zare daga allura, ba ta taɓa shinge ba ko sau ɗaya. A waje saurayin yana ta cije leɓe yana murza matattun maɓallai, babban allo yana nuna fuskarsa gefe guda, jar motar Umma gefe guda. Jama'a suka fara kiran Guguwa, Guguwa, wannan karon ba tare da an ba su alama ba. Manaja yana tsaye kusa da ni yana murza hannu don daɗi.

Zagayen ƙarshe ta fito miƙaƙƙiyar hanya ita kaɗai, ga layin gamawa can ana gani. Sai na ga yatsanta ya sauka daga totur ya koma burki. Jar motar ta rage gudu, ta rage, ta zo daf da layi ta tsaya cak. Hancinta kamar ya taɓa zanen.

Umma ta ɗora rimot a cinya ta naɗe hannu.

"Mama!" Manaja ya durƙusa a gabanta yana magana ƙasa-ƙasa. "Mama, me ya faru? Ya lalace ne? Ki taka, don Allah ki taka!"

"Ai ga Guguwa can a kujera," ta ce. "Ya ƙarasa mana. Taku ɗaya ya rage."

Motar farko ta zo ta wuce fuu. Ta biyu ma ta wuce. Ihu ya mutu a zauren, sai kiɗa kaɗai ke ta bugawa. A babban allo kowa na ganin saurayin yana danna maɓalli da dukan ƙarfinsa, yana jijjiga rimot, yana waigen labule, mota ko gezau. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai, wa ke tuƙa motar nan?"

Manaja ya koma lallashi, ya koma tuni da yarjejeniya, ya ce idan ba ta taka ba babu na'ura babu komai. Umma ta ce tana da wata a gida, tsohuwa ce amma tana aiki. Ta dafa gwiwa ta miƙe, rimot a hannu. Manaja ya sha gabanta. Ni kuwa da ma jira nake yi. Na kama labulen nan da hannu biyu na ja shi gefe har sai da ƙarfen sama ya yi ƙara.

Haske ya dalle mu, mu da kwalayenmu da kujerar roba. Umma ta taka zuwa tsakiyar dandamali da irin tafiyarta ta mai ciwon gwiwa, ba sauri ba nawa. Wasu daga layin gaba suka fara dariya, sun ɗauka cikin shirin ne. Ta isa gaban jar kujera ta tsaya.

"Tashi, ɗana," ta ce wa saurayin. "Ka yi ƙoƙari."

Ya miƙe da sauri, da alama ma sauƙi ya samu. Ta zauna. Ta ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani, sannan ta danna da babban yatsa. A allo jar mota ta gangara a hankali ta tsallake layi. Sakamako ya fito, sunan Guguwa a can ƙasa, na ƙarshe.

Dariyar ta tsaya. Dattijon nan mai sanda ya fara buga sandarsa a ƙasa, mutanen baya suka ɗauka da tafi, suna turowa gaba har suka cika tsakanin kujeru. Saurayin da ya zo na ɗaya ya juyo yana kallon Umma baki sake. Ya ce, "Mama, ke ce kike cinye ni duk watannin nan?" Ta ce masa yana saurin shiga kwana ne, ya riƙa haƙuri.

Mai gabatarwa ya sauke makirufo. Yana kallon manaja, manaja yana kallon masu kyamara yana yi musu alamar su kashe, su kuma sun riga sun juyo da kyamarorinsu kan jar kujera. Cikin ruɗewa mai gabatarwa ya miƙo makirufo wajen bakin Umma, ya tambaye ta ko tana da abin da za ta gaya wa jama'a.

Ta kare idonta da tafin hannu ta dubi sama.

"Ku rage wannan fitilar, tana shigar mini ido," ta ce. "Sannan a sake tseren daga farko. Yanzu na zo."