Sawun Keken Gwaggo

A ɗakin da ke bakin titi a gidanmu Gwaggo take ɗinki tun ban san kaina ba. Ƙanwar mahaifina ce. Kakanmu ne ya ba ta ɗakin, ya damƙa mata makulli, ya ce ta nemi abincinta a ciki. Da ya rasu aka zo rabon gado, sai Baffa, yayansu duka, ya ce ɗakin ai cikin gida yake, a haɗa a raba. Gwaggo ta ce kyauta ce. Magana ta yi tsami har ta kai kotu.

Ni na raka Gwaggo ofishin lauyarta, ina gefe ina ta murza bakin mayafina. Lauya ta ce abin da mutum ya bayar yana raye, aka karɓa aka shiga, ya fita daga gado. Amma sai an nuna wa kotu cewa an shiga ɗin tun mai shi na da rai. Shi ya sa alƙali ya sa ranar da zai zo ya ga ɗakin da idonsa.

Ana gobe zai zo, na dawo daga makaranta na tarar da ɗakin wayam. Keken ɗinki, teburin yanka, buhun ƙyallaye, duk an kwashe.

"Gwaggo, ina kayan?"

"Na kai ɗakin mamarki. Abin da ke gaban shari'a ai ba a zama a cikinsa. Kar alƙali ya zo ya ce na raina kotu."

"Gwaggo, ai zamanki a ciki shi ne hujjar."

Ta yi tsaye da tsintsiya a hannu. Muka kira lauya, ta ce kar a mayar, tunda Baffa ya riga ya leƙa ya gani, zai ce don alƙali aka shirya. A faɗi gaskiya kawai.

Da safe alƙali ya iso da magatakardansa. Ni ina laɓe a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ka dai gani," in ji Baffa. "Ko allura babu."

"Yaya, rigar da ke jikinka a ina aka ɗinka ta?" in ji Gwaggo.

"Da ni za ku yi magana, ba da juna ba," in ji alƙali.

Gwaggo ta gaya masa yadda aka yi ta kwashe kayan. Ya shiga zagaya ɗakin. A gindin taga ya tsaya yana kallon ƙasa. Sharar da Gwaggo ta yi ta fito da wasu 'yan ramuka huɗu a jikin siminti, da baƙin tabon mai a tsakaninsu.

"Ƙafafun kekena ne suka ci wurin, ranka ya daɗe."

Ya juya ga bangon ciki, inda shafen siminti ya bambanta da sauran, tsawon mutum.

"Nan fa?"

"Ƙofa ce a da, ta shiga cikin gida," in ji Baffa. "Marigayi ya sa aka toshe. Ni ma na yi dakon bulon, har yau bayana bai koma daidai ba."

"Me ya sa ya toshe?"

Baffa ya kalli bangon.

"Cewa ya yi ɗakin ya zama nata, kar a riƙa shigar mata."

Na ji ƙarar biron magatakarda a kan takarda.

Da aka koma kotu, alƙali ya yanke hukunci: ɗakin kyauta ne, ba ya cikin gado, sauran gidan a raba wa magada.

Da yamma Baffa da kansa ya ciccibo keken, yana nishi yana mitar bayansa. Ya dire shi a gindin taga, ya ɗan tura da gwiwa, ƙafafun suka faɗa ramukansu.

"To, mai ɗaki," in ji shi, "sai ki rage mini tsawon wandon nan."

"Kawo, Yaya," in ji Gwaggo, tana laluben zare.